Gizo Da Ƙoƙi Suna Jiran Mai Zane: Darasi Daga Tawa Da Tsibiran Guwam Da Hawai

Abubuwa biyu sun auku a cikin shekarar 2015 waɗanda in an dube su sama-sama babu abin da ya haɗa su. Na farko, ran 17 ga watan Maris, Allah ya yi wa Mustafa Alhasan rasuwa a birnin Wagadugu, watau mutumin Jamhuriyar Nijar ɗin nan da ya zauna a garin Tawa, wanda ake lissafa shi cikin mutanen farko da suka sa zane ya yi motsi a allon majigi a ƙasashen Afirka na kudu da Sahara. Na biyu kuwa, can yammacin Tekun Fasifik, a wani ɗan tsibiri da ake kira Guwam, Ma'aikatar Ilmi ta fito da majigin zane na farko da aka taɓa yi da harshen Camoro, harshen mutanen tsibirin na asali.

Abin da ya haɗa al'amuran nan biyu tambaya ce guda: wa zai ba yaro labarin kakanninsa, kuma da wane harshe? Tambayar nan ba ta mutanen tsibiri kaɗai ba ce. Ta shafi kowane magidanci a Kurmin Mashi da sauran unguwannin Kaduna, ta shafi malamin makaranta, ta kuma shafi ma'aikacin da ke zaune a ofis yana tsara kasafin kuɗin ilmi da na watsa labarai.

Halin Da Ake Ciki A Kurmin Mashi

Kurmin Mashi unguwa ce da ke arewa da Kogin Kaduna, maƙwabciyar tsohon mazaunin Makarantar Horar da Hafsoshin Soja. Mazaunanta daga ko'ina suke: ma'aikatan gwamnati, da sojoji masu ci da waɗanda suka yi ritaya, da 'yan kasuwa, da makanikai, da malaman makaranta. Akwai Hausawa da Fulani, akwai Gbagyi da Nufawa da Yarabawa, akwai mutanen kudancin jihar. Hausa ce ke haɗa su a kasuwa da bakin famfo da tashar mota.

Wanda ya ji yadda Hausa ke tashi a titunan unguwar zai yi mamaki in aka ce masa akwai abin da ke neman salwanta. Yana da hujja kuwa, domin Hausa ba ta cikin harsunan da ake yi wa fargabar mutuwa. Masu magana da ita sun haura miliyan 50, tana da jarida tun 1939 da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, gidan rediyon BBC yana magana da ita tun 1957, ana kuma nazarinta a jami'o'in gida da na waje.

Amma harshe ba gaisuwa da cinikin tumatir kaɗai ba ne. Yana da taska ta cikin ɗaki, inda ake ajiye tatsuniya da kacici-kacici da karin magana da waƙoƙin dandali, kuma wannan taskar ce ke zurarewa. Tatsuniya tana bukatar abu huɗu: dare, da tsakar gida, da tsohuwa, da yara masu sauraro. A gidan haya na birni tsakar gidan ta kowa ce, tsohuwar tana can ƙauye, daren kuwa talabijin da wayar hannu sun raba shi. Yaran ne kaɗai suka rage, suna zaune gaban allo suna kallon abin da suke kira katun, wanda aka zana a Amurka ko Japan ko Indiya. Yaro ya san jaruman can da sunayensu da halayensu, amma in aka tambaye shi wace ce matar Gizo, ko me ya sa ake ce wa dila malamin daji, sai ya yi zuru. Laifin ba nasa ba ne, ba a gaya masa ba ne.

Abin Da Takarda Ta Kasa Riƙewa

Ba yau aka fara ƙoƙarin ceton tatsuniya ba. Tun 1885 J. F. Schon ya buga Magana Hausa, wanda ke ɗauke da labaran da ya ji daga bakin Dorugu. Tsakanin 1911 da 1913 Frank Edgar ya fitar da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa cikin juzu'i uku, daga rubutun ajami da malamai suka yi masa. A 1913 ɗin R. S. Rattray ya buga abin da Malam Sha'ihu ya rubuta masa a ƙasar da ake kira Ghana yanzu. A farkon shekarun 1970 kuma marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya tsara Tatsuniyoyi da Wasanni, littattafai shida, waɗanda ɗalibai da yawa suka tashi da su a makarantun firamare.

Aikin nan babba ne, ba don shi ba da an yi asara mai yawa. Sai dai takarda ƙashin tatsuniya take riƙewa, naman yana bakin mai ba da ita. Gizo yana da tsamin baki, kuma rabin dariyar da yara ke yi daga yadda tsohuwa ke kwaikwayon maganarsa take fitowa. Kura tana da muryarta ta haɗama da tsoro, zaki yana da tasa ta isa. A tsakiyar labari akwai waƙa, wadda mai bayarwa ke rerawa yara suna amsawa. Akwai kalmomin nan masu nuna yadda abu ya faɗi ko ya tafi, irin su tinjim da tinƙis-tinƙis da sululu, waɗanda sai an ji su da kunne suke yin daɗi.

Har ila yau, rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Kukan jariri da kukar miya, garin Zariya da garin tuwo, farin zane da farin da ke ƙone amfanin gona, duk haruffa iri ɗaya ne a takarda. Wanda ya tashi cikin harshen ba ya ruɗewa, amma yaron da Hausarsa ta titi ce kurum, kunne ne zai gyara masa, ba ido ba. A nan ne majigin zane ya fi littafi, domin yana ajiye murya yadda take, ya kuma ba ta fuska.

Yadda Mutanen Tsibiri Suka Yi

Guwam tsibiri ne ƙarami, mutanensa a ƙidayar 2020 kimanin 154,000 ne, watau ko kusa da yawan mutanen birnin Kaduna ba su yi ba. Sifaniyawa sun mallake shi fiye da shekara 200, sa'an nan ya koma hannun Amurka a 1898. A 1917 gwamnatin sojan ruwa da ke mulkin tsibirin ta mai da Turanci harshen hukuma shi kaɗai, a 1922 kuma aka tattara ƙamus na Camoro aka ƙone. Yaran da aka hukunta a makaranta saboda sun yi magana da harshen iyayensu, da suka girma sai da yawa suka ƙi koya wa nasu 'ya'yan, don kada su sha irin wahalar da suka sha. Haka harshe ke mutuwa, ba da takobi ba, sai da shirun iyaye.

Majigin da suka fitar a 2015 sunansa Maisa. Sashen nazarin Camoro na Ma'aikatar Ilmi ne ya yi shi, da haɗin gwiwar wani kamfanin zane na birnin Honolulu mai suna Twiddle Productions. Labarin tsoho ne, kowane ɗan tsibirin ya san shi a dā. Wani ƙaton kifi ne ya riƙa cin tsibirin ta ƙarƙashi, har tsakiyarsa ta tsuke. Maza suka yi ta farautarsa suka gaza. Sai 'yan mata suka yanke dogon gashinsu suka saƙa koma da shi, suka yi ta rera waƙa har kifin ya fito, suka kama shi. Da wannan labari ne mutanen dā ke bayyana dalilin da ya sa tsibirin yake da siririn ƙugu. Mai karatu zai lura wannan bai yi nisa da irin tatsuniyoyin ƙasar Hausa ba, inda ƙaramar yarinya ko auta ke yin abin da ya gagari manya. Abin lura kuma shi ne hukumar ilmi ce ta ɗauki nauyin aikin, ba 'yan kasuwa ba, kuma don aji aka yi shi.

Labarin Hawai ya fi wannan ban tausayi. Ƙasa ce mai sarautarta, mai jaridu da harshenta tun 1834. Aka tumɓuke sarautar a 1893, a 1896 aka kafa dokar da ta sa Turanci ya zama harshen koyarwa a makarantu, a 1898 Amurka ta haɗiye tsibiran. Kafin farkon shekarun 1980, lissafin da masu fafutukar harshen ke ambatawa shi ne yara 'yan ƙasa da shekara 18 masu jin harshen sosai ba su kai 50 ba. A 1978 tsarin mulkin jihar ya amince da harshen a matsayin na hukuma tare da Turanci. A 1984 aka buɗe makarantar reno ta farko da ake kira Punana Leo, watau sheƙar murya, inda ba a yi wa yaro magana sai da harshen Hawai. A 1987 aka shigar da tsarin cikin makarantun gwamnati.

Da kamfanin Disney ya fitar da majigin Moana a 2016, wanda ya ɗauko jarumin almarar mutanen tekun mai suna Maui, sai aka sami abin yabo da abin zargi. Waɗansu mutanen tsibiran sun yi kuka da yadda aka zana jarumin nasu, har kamfanin ya janye wata rigar wasan yara da aka yi da siffarsa. Duk da haka Jami'ar Hawai ta tsaya aka juya majigin zuwa harshen Hawai, aka nuna shi a 2018, aka raba wa makarantu kyauta. Darasin a bayyane yake: in mai abu bai ba da labarinsa ba, wani zai bayar, kuma yadda ya ga dama zai bayar.

Mutumin Tawa

Ba sai an haye teku ba kafin a ga misali. An haifi Mustafa Alhasan, wanda Faransawa ke rubuta sunansa Moustapha Alassane, a 1942 a garin Ndunga kusa da Yamai. Kanikanci ya fara yi, kuma tun yana saurayi yakan haɗa akwati da fitila yana haska zane-zanensa mutane suna kallo, tun bai san yadda ake yin sinima ba. Bafaranshen nan Jean Rouch, mai ɗaukar hotunan al'adu, ya taimaka masa a Yamai, daga baya ya tafi Kanada inda ya sadu da Norman McLaren, ɗaya daga cikin gwanayen majigin zane na duniya.

A 1965 ya fitar da La Mort de Gandji, labarin wata masarauta ta kwaɗi, wanda ya ci lambar yabo a bikin fasahar baƙar fata na duniya da aka yi a Dakar a 1966. A 1966 ɗin ya yi Bon Voyage Sim, inda shugaban ƙasar kwaɗi ya tafi ziyarar aiki maƙwabciyar ƙasa, da jerin gwano da faretin soja da duk wani ƙasaitaccen biki. Duk wanda ya san tatsuniya ya san wannan dabara: a sa wa dabba rawani don a faɗa wa mai rawani gaskiya ba tare da an ambaci sunansa ba. A 1977 ya yi Samba le Grand da 'yan tsana, yana matsar da su kaɗan-kaɗan yana ɗaukar hoto. Akwai kuma Kokoa, wanda sunansa ma Hausa ne, inda kwaɗi da hawainiya da tsuntsaye ke kokawa a fage, kamar yadda ake yi a gasar kokawa ta ƙasa da Nijar ta fara a garin Tawa a 1975.

Ya shugabanci sashen sinima na Jami'ar Yamai shekara 15, sa'an nan ya zauna a Tawa, inda ya riƙe masaukin baƙi ya mai da wani ɓangarensa ɗakin aiki. Da tsufansa ya koyi zane da kwamfuta. A 2017 babban gidan adana kayan fasahar zamani na birnin New York ya shirya nunin ayyukansa. Amma da wuya a sami ɗalibi a Kaduna ko Zariya da ya taɓa jin sunansa, alhali kuwa tsakanin Tawa da Sakkwato tafiyar yini guda ba ta cika ba. Rayuwarsa ta isa amsa ga mai cewa wannan sana'a ta Turawa ce, ko sai da miliyoyi ake fara ta. Ya fara da takarda da fensir da haƙuri.

Me Ya Sa Sai Zane?

Mutanen Arewa sun daɗe da sanin majigi. Tun zamanin Turawa motocin majigi ke zagaya garuruwa suna kafa allo a ƙofar fada, kuma dattawa ba su manta da Baban Larai ba. A 1976 Adamu Halilu ya mai da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama fim. A shekarun 1980 gidan talabijin na NTA Kaduna ya nuna labaran Magana Jari Ce na Abubakar Imam, tare da 'yan wasa irin su marigayi Ƙasimu Yero. A 1990 aka fitar da Turmin Danya a Kano, daga nan sana'ar finafinan Hausa ta bunƙasa har ta zama abin da ta zama.

Duk waɗannan mutane ne ke wasa a cikinsu, kuma a nan gizo ke saƙar. Ɗan wasa yana iya zama sarki ko waziri ko ɓarawo, amma in ya sa fatar kura sai abin ya koma wasan yara. Yaya za a nuna Ta-kitse tana narkewa a rana, ko Gizo ya ari fuka-fukan tsuntsaye ya tashi sama, ko itacen da ke magana, ko Dodo ya haɗiye gari da shanunsa? Na'urar ɗaukar hoto abin da ke gabanta take ɗauka. Mai zane kuwa, abin da tsohuwa ta faɗa shi zai zana, babu abin da ya gagare shi. Shi ya sa mafi yawan tatsuniyoyin Hausa har yanzu suke kwance a takarda.

Aikin dai ba wasa ba ne. Fim yana gudu da hoto 24 a cikin daƙiƙa guda. Masu zane sukan rage wahala su nuna kowane zane sau biyu, watau zane 12 a daƙiƙa. Minti ɗaya ke nan zane 720, tatsuniyar minti biyar kuwa zane 3,600. Kwamfuta ta sauƙaƙa wannan ƙwarai, domin yanzu ana iya zana Gizo sau ɗaya a sa masa gaɓoɓi a riƙa motsa su, akwai kuma manhajoji irin su Blender da ake samu kyauta. Amma akwai ƙa'idar da ba ta sake ba, wadda ita ce zuciyar maganar: a bisa al'adar sana'ar, murya ake fara ɗauka, sa'an nan a zana baki da fuska su bi ta. Ashe ke nan majigin da aka yi da Hausa tun daga tushe, Hausa ce ke juya hannun mai zane.

Juyi Da Ƙirƙira

Wannan ne bambancin da ke tsakanin juya majigin wani da ƙirƙirar na kai. Juyi yana da amfani, ba a raina shi ba. Tashar Arewa24 da aka buɗe a 2014 ta nuna shirin Ubongo Kids na ƙasar Tanzaniya da Hausa, yara kuma sun ƙaru da lissafi da kimiyya. Amma a juyi, mai fassara yana tsuke Hausa ne don ta shiga bakin da aka zana wa wani harshe. Murya ta gida ce, labarin da gidajen da tufafin da ladubban na wani ne.

A Nijeriya an fara ƙirƙira. Adamu Waziri ya fara Bino and Fino a Abuja a 2010. A 2020 aka fitar da Lady Buckit and the Motley Mopsters, dogon majigin zane na farko da aka yi a ƙasar don gidajen sinima, a 2024 kuma Disney da kamfanin Kugali suka fitar da Iwaju, wanda aka gina a kan birnin Ikko. Waɗannan sun nuna akwai hannu a ƙasar, sai dai da Turanci aka gina su. Akwai kuma samari a Kano da Kaduna da ke yin gajerun katun na barkwanci da Hausa suna sakawa a YouTube da Facebook, da kuɗin aljihunsu. Abin da babu shi ne tsayayyen shiri mai ɗorewa, wanda hukuma ta tsaya masa, da zai bi tatsuniyoyi ɗaya bayan ɗaya.

Bukatar ta daɗa ƙarfi saboda halin da harshen uwa ke ciki a makaranta. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na wurin da yake zaune. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a kai wannan har shekara shida na firamare, a watan Nuwamba na 2025 kuma Ministan Ilmi ya ba da sanarwar soke shi da komawa ga Turanci. Ko mutum yana goyon bayan wannan ko ba ya yi, abu ɗaya ya tabbata: nauyin da aji ya sauke, gida ne zai ɗauka, kuma allo ne babban baƙon da ke kowane gida.

Kayan Aiki Suna Nan Kaduna

Abin mamaki shi ne kusan duk abin da ake bukata yana tsakanin Kaduna da Zariya. Takardun Edgar suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna. Gidan Arewa, wanda aka kafa a 1970, yana da masana da kundaye. Gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna ya fara aiki tun 1962, garin kuma cike yake da masu murya da suka goge a wasan kwaikwayo na rediyo. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen zane-zane wanda ya yi suna tun shekarun 1950, da sashen harsuna. Ga Kwalejin Fasaha ta Kaduna, ga Jami'ar Jihar Kaduna da aka kafa a 2004, ga Cibiyar Malamai ta Ƙasa wadda hannunta ke kaiwa ga malaman firamare a ko'ina. Ga gari ga ruwa ga wuta, mai tuƙi ake nema.

Akwai kuma wani haƙƙi da ya rataya a wuyan Jihar Kaduna musamman. Harsunan da suka fi kama da Camoro a nan ba Hausa ba ce, su ne Gbagyi, da Adara, da Jju, da Tyap, da Hyam, da sauransu da dama. A unguwa irin Kurmin Mashi, yaron da iyayensa suka fito daga Kaciya ko Zangon Kataf ko Kwoi yakan tashi da Hausa da Turanci, harshen gidansu kuwa sai gaisuwa. Gaskiya ɗaya ce, Hausa na cikin abin da ke danne su. Saboda haka shirin da za a yi bai kamata ya tsaya ga Gizo ba. Ɗakin aikin da ya zana tatsuniyar Hausa a wannan wata yana iya zana ta Gbagyi a wata mai zuwa, da muryar masu ita.

Inda Za A Yi Hattara

Akwai masu ganin tatsuniya ƙarya ce da ɓata lokaci, akwai kuma masu ɗari-ɗari da zanen abu mai rai. Ya kamata a saurare su, a kuma sa malamai cikin masu duba aikin tun daga farko. Sai dai a tuna yaran nan suna kallon zane ko an so ko an ƙi, zaɓin da ya rage shi ne wane iri. Tatsuniya kuwa ba ta taɓa ɓoye cewa ƙirƙira ce ba, kuma abin da take koyarwa sananne ne: 'yar bora mai haƙuri da ladabi ta dawo da arziki, 'yar mowa mai raini ta dawo da kunya, haɗamar kura ta kai ta ga halaka.

Hattara ta biyu ta shafi labaran asali, irin na Bayajida da rijiyar Kusugu a Daura, ko Barbushe da Dutsen Dala, ko Sarauniya Amina ta Zazzau. Waɗannan suna da masu su, suna kuma da ruwayoyi fiye da ɗaya, masana tarihi ma ba su gama muhawara a kansu ba. Abin da yaro ya gani a allo shi yake ɗauka gaskiya, don haka wajibi ne a tuntuɓi masarautu da masana, a kuma faɗa wa mai kallo cewa wannan ruwaya ce. Haka nan kada a niƙe kowace murya ta koma Kananci. In tatsuniyar daga Sakkwato ko Katsina ko Maraɗi aka ɗauko ta, a bar ta da karin harshenta, domin shi ma gado ne.

Abin Yi

Matakin farko ba ya bukatar kwamfuta ko kwangila. Ɗaukar murya ne. Kowane ɗalibi da ke riƙe da wayar hannu yana iya zama gaban kakarsa in ya je hutu, ya nemi izininta, ya ɗauki tatsuniya uku ko huɗu da waƙoƙinsu, ya rubuta sunan gari da ranar da aka ɗauka. Sassan harsuna na manyan makarantu su karɓa su adana. Zane yana iya jira shekara goma, tsohuwa ba ta da tabbacin wannan jira.

Mataki na biyu na hukuma ne. Ma'aikatar Ilmi da gidajen watsa labarai na jiha su haɗa kai su fara da kaɗan: gajerun majigi na minti biyar-biyar, ɗalibai masu zane su yi a ƙarƙashin malamansu, a biya su, a biya masu ba da labarin, a rubuta sunayensu. A nuna a talabijin bayan magariba, a raba wa makarantu kyauta, a bar shi ya yawata a wayoyi ba tare da shamaki ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarun 2022 zuwa 2032 don harsunan asali, kuma rabin wa'adin ya kusa tafiya.

Mutanen Hawai sai da suka ga yaransu masu jin harshen ba su cika aji biyu ba sa'an nan suka farga, suka kuwa sha wahalar da ba ta misaltuwa kafin su dawo da abin da ya kusa kuɓucewa. A Kaduna ba a kai nan ba. Tsofaffin da suka san tatsuniya suna da sauran numfashi, yara suna jin harshen, masu zane suna neman aiki. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane, domin in ƙasa ta bushe a bango, kome gwanintar magini ba ta karɓar ado.